Yaya Ake Auna Kallon da Ɗaliban Likitanci Ke Yi wa Masu Larurar Shaye-shaye?

Shin abu ne mai yiwuwa a auna yadda ɗalibin likitanci yake kallon mutumin da shaye-shaye ya zame masa cuta, har a fitar da sakamakon da lambobi? In kuwa mai yiwuwa ne, me lambobin za su tsinana wa majinyacin da ke kwance a ɗakin taimakon gaggawa, ko mahaifiyar da ke zaune a bakin gadonsa? Wannan tambaya ta daɗe tana yawo a makarantun koyon aikin likita na Amurka da Turai, amma ta ƙara ƙarfi tun da mace-macen da shan ƙwaya fiye da kima ke haddasawa suka haura 100,000 a Amurka a shekarar 2021 kaɗai. Daga watan Yunin 2023, dokar ƙasar ta wajabta wa likitan da ke neman izinin rubuta magungunan da hukuma ke sa wa ido, ko yake son sabunta izinin, ya nuna cewa ya samu horon awa 8 a kan kula da masu wannan larura. Da zarar kuwa an ce a horar da mutane, dole a nemi abin da za a gane da shi ko horon ya yi tasiri.

Maganar ba ta Turawa ba ce su kaɗai. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya a 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da wani abin maye, ban da giya da taba, a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Miliyan 10.6 sun sha wiwi, miliyan 4.6 kuma sun sha magunguna irin su tiramadol da kodin ba da umarnin likita ba. Duk ɗalibin da ke karatun likitanci a Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri zai haɗu da waɗannan mutane, ko da kuwa bai taɓa sha'awar zama likitan ƙwaƙwalwa ba.

Ana yawan yi wa irin wannan awo mummunar fahimta ta fuska biyu. Wasu suna ɗaukarsa jarrabawar halin kirki da za a ware ɗalibai nagari daga miyagu da ita, wasu kuma suna zargin cewa dabara ce ta sa likitoci su daina ganin aibin shaye-shaye. Ko ɗaya ba shi ne manufar ba, kamar yadda za a gani idan aka duba abin da ake tambaya da dalilin tambayarsa.

Wace larura ake nufi, kuma wane kallo ake aunawa

Ba duk wanda ya taɓa shan abin maye ne yake da larurar ba. A kundin tantance cututtukan ƙwaƙwalwa da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013, wanda ake kira DSM-5, an jera alamomi 11 da ake dubawa a cikin wata 12, kamar mutum ya riƙa shan fiye da abin da ya yi niyya, ya yi ta ƙoƙarin bari yana kasawa, ya ci gaba da sha alhali yana ganin barnar da ake yi wa lafiyarsa da iyalinsa, jikinsa ya riƙa neman ƙari kafin ya ji abin da ya saba ji, ko ya kamu da ciwo idan ya tsaya. Mai alama 2 ko 3 larurarsa mai sauƙi ce, mai 4 ko 5 matsakaiciya, mai 6 zuwa sama kuma mai tsanani. A binciken Najeriya na 2018, kusan mutum ɗaya cikin biyar na masu shan ne aka ƙiyasta suna da larurar.

Kallon da ake aunawa kuwa ya ƙunshi abubuwa uku da ba lallai su tafi tare ba. Akwai abin da ɗalibi ya yi imani da shi game da asalin larurar da yiwuwar warkewarta, akwai abin da yake ji a ransa idan majinyacin ya shigo, ko tausayi ko tsoro ko ƙyama, sannan akwai abin da yake a shirye ya aikata. Ɗalibi yana iya rubuta a jarrabawa cewa shaye-shaye cuta ce mai magani, ya ci maki cikakke, amma idan aka kawo irin wannan majinyaci da tsakar dare ya ji gara a ba wani. Ma'auni mai kyau shi ne wanda ya san wanne daga cikin ukun yake nema.

Dalilin da ya sa aka sa wa ɗalibai ido

A 1994, wasu masana biyu, Frederic Hafferty da Ronald Franks, sun ja hankali ga abin da suka kira ɓoyayyar manhaja a karatun likitanci, wato darussan da ba a rubuta a allo ba amma ɗalibi yana kwasarsu daga yadda manyansa ke magana da aiki a ɗakunan majinyata. Idan babban likita ya taƙaita tsayuwa a gadon wanda giya ta lalata wa hanta, ko ma'aikaciyar jinya ta ce ai shi ya ja wa kansa, ɗalibin da ke tsaye a baya ya koyi darasi, kuma darasin ya fi na aji zama a zuciya. Wani bincike da Mohammadreza Hojat da abokan aikinsa suka wallafa a 2009, bayan sun bi ɗaliban kwalejin likitanci ta Jefferson da ke Filadelfiya tsawon karatunsu, ya gano cewa makin tausaya wa majinyaci ya faɗi sosai a shekara ta uku, wadda a tsarin Amurka ita ce shekarar da ake fara shiga asibiti gadan-gadan.

Akwai kuma wani dalili da nake ganin ya fi kowanne nauyi, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. Ɗalibi yana haɗuwa da mai shaye-shaye ne a mafi munin halinsa: an kawo shi a sume, ko yana fizge-fizge, ko ya dawo karo na huɗu da irin ciwon da aka sallame shi a kansa. Wanda ya warke ya koma sana'arsa ba ya dawowa ɗakin gaggawa, saboda haka ɗalibin ba ya ganinsa, sai ya yanke hukunci cewa waɗannan mutane ba sa warkewa. Alhali nazarin da Thomas McLellan da abokan aikinsa suka wallafa a 2000 ya nuna cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari ne ke komawa ruwa bayan jinya, adadin da bai yi nisa da na masu hawan jini da masu asma da ciwonsu ke dawowa ba. Ba kasafai ake jin likita ya ce mai hawan jini ya ɓata masa lokaci don jininsa ya sake hawa ba.

Ma'aunan da ake amfani da su

Mafi yawan ma'aunan takardun tambayoyi ne, inda ake rubuta jimla, ɗalibi ya nuna gwargwadon yardarsa da ita, daga ƙin yarda sam zuwa cikakkiyar yarda, sannan a tara maki.

Daga cikin tsofaffin akwai wanda Alan Cartwright ya fito da shi a Ingila a 1980 game da masu matsalar giya, wanda ake kira AAPPQ. Abin da ya bambanta shi shi ne bai tsaya ga tambayar ko ma'aikaci yana son majinyacin ba, ya tambayi ko yana ganin yana da ilimin da zai taimaka masa, ko yana ganin hurumin aikinsa ne ya yi masa tambaya a kan shaye-shayensa, da kuma ko yana da wanda zai juya gare shi idan abin ya fi ƙarfinsa. A 2007, Hazel Watson da abokan aikinta a Sikotland suka daidaita shi domin sauran ƙwayoyi, ya zama DDPPQ mai jimloli 20. A Amurka kuma, John Chappel da abokan aikinsa sun wallafa SAAS a 1985, mai jimloli 50, wanda ke duba abubuwa biyar, ciki har da sassaucin ra'ayi game da kayan maye, da kyautata zaton cewa jinya tana aiki, da nisantar yi wa majinyaci hukuncin ɗabi'a.

Wanda aka fi yawan gani a binciken ɗalibai shi ne MCRS, wanda George Christison da abokan aikinsa na jami'ar Loma Linda da ke Kalifoniya suka wallafa a 2002 bayan gwada shi a kan ɗaliban likitanci 440. Jimlolinsa 11 ne kawai, kowace da matakan amsa 6, saboda haka maki yana farawa daga 11 ya tsaya a 66. Ana tambayar ɗalibi ko aiki da irin waɗannan majinyata yana gamsar da shi, ko suna ba shi haushi, ko zai damu idan aka tashe shi da dare domin su, ko yana ganin kashe kuɗin lafiya a kansu asara ce, da kuma ko yana ganin babu wani abin kirki da zai iya yi musu. Hikimar wannan ma'auni ita ce ba a ɗaure shi ga cuta ɗaya ba. Ana iya rubuta ciwon huhu a saman takarda, a rubuta ciwon suga a wata, a rubuta larurar shaye-shaye a ta uku, ɗalibi ɗaya ya cike dukkansu. Maki 45 shi kaɗai ba ya faɗin komai, amma idan ɗalibin da ya ba mai ciwon suga 58 ya ba mai shaye-shaye 41, tazarar ta nuna inda matsalar take.

Kafin a amince da kowane ma'auni ana gwada shi ta hanyoyi da dama. Ana duba ko jimlolinsa suna tafiya tare, ma'ana duk abu ɗaya suke aunawa, ana duba ko mutum zai ba da kusan amsa ɗaya idan aka maimaita masa bayan 'yan makonni, sannan ana duba ko yana iya nuna canji idan canjin ya faru da gaske.

Inda takardar tambayoyi take gazawa

Babbar matsalar ita ce ɗalibin likitanci mutum ne mai basira wanda ya ƙware wajen gane amsar da malami yake so. Idan malamin da ya gama koyar da darasin shi ne ya raba takardar, kuma shi ne zai ba da makin ƙarshen zango, kusan babu wanda zai rubuta cewa majinyatan suna ba shi haushi. Haka nan, idan cike takardar ganin dama ne, waɗanda suka damu da batun ne za su cike, masu ƙyamar kuma su yi shiru, sai sakamakon ya fito da kyau fiye da gaskiyar ajin. Bincike da yawa kuma ana yin su ne ta hanyar aunawa kafin darasi da kuma nan take bayan an tashi, ba tare da wani rukunin da bai halarci darasin ba da za a kwatanta da shi, ba tare kuma da an koma bayan wata shida ko shekara an ga abin da ya rage ba. Irin wannan sakamako yana nuna cewa ɗalibai sun ji abin da aka faɗa, bai kai ga nuna cewa sun canza ba.

Don kauce wa wannan, masu bincike sun nemi wasu hanyoyi. Ɗaya ita ce gwajin kwamfuta da Anthony Greenwald da abokan aikinsa suka fito da shi a 1998, wanda ke auna saurin da mutum yake haɗa wani rukunin mutane da kalmomin yabo ko na suka, bisa tunanin cewa abin da ke ɓoye a zuciya yana fitowa a saurin yatsa kafin hankali ya gyara shi. Ana jayayya a kan wannan gwaji, domin sakamakon mutum ɗaya yakan sauya daga rana zuwa rana, kuma alaƙarsa da abin da mutum zai aikata ba ta da ƙarfi sosai. Wata hanyar ita ce a ba da gajeren labarin majinyaci, a sauya abu ɗaya tak a cikinsa. John Kelly da Cassandra Westerhoff sun yi haka a 2010 da ƙwararrun ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa fiye da 500: labari ɗaya ne, amma a rabin takardun an siffanta mutumin da lafazin da ke ɗora masa laifi, a ɗaya rabin an ce yana da larura. Waɗanda suka karanta lafazin farko sun fi karkata ga cewa a hukunta shi. Waɗannan ƙwararru ne da suka shafe shekaru a aikin, balle ɗalibi.

Hanyar da ta fi kusa da gaskiya ita ce a kalli ɗalibi yana aiki. A jarrabawar gwaji da Ronald Harden ya fara a Dandi ta Sikotland a 1975, wadda makarantun likitanci da dama a Najeriya ma suke amfani da ita, ana horar da wani ya yi kamar majinyaci, a ga ko ɗalibi zai tambayi tarihin shaye-shaye, da irin muryar da zai tambaya, da ko zai ambaci hanyar samun magani. Tana da tsada da cin lokaci, shi ya sa ba a cika yinta domin wannan batu ba.

Abin da aune-aunen suka nuna

Duk da wannan rauni, sakamakon ya yi ta zuwa ta fuska ɗaya. Binciken da Gail Gilchrist ta jagoranta a ƙasashen Turai 8, wanda aka wallafa a 2011, ya yi amfani da MCRS a kan ma'aikatan lafiya 866, ya gano cewa masu shaye-shaye, musamman masu ƙwaya, sun samu maki ƙasa da masu ciwon suga da masu ciwon damuwa, kuma ma'aikatan ƙananan asibitocin matakin farko sun fi waɗanda suka ƙware a jinyar shaye-shaye ba da ƙaramin maki. A 2013, Leonieke van Boekel da abokan aikinta a Holand sun tattara bincike 28, suka ga cewa ma'aikata da yawa suna kallon waɗannan majinyata a matsayin masu faɗa, masu wayo, marasa niyyar warkewa, kuma wannan kallo yana sa su taƙaita hulɗa, su yi aikin da ya zama dole kawai su wuce.

Game da gyara kuwa, nazarin da James Livingston da abokan aikinsa suka wallafa a 2012 ya nuna cewa horon da ake haɗa ɗalibai da mutanen da suka yi fama da larurar, su zauna su saurare su, yana cikin abin da ke rage ƙyama. Wannan ya dace da abin da aka faɗa a baya, domin ɗalibin da ya ga wanda ya warke da idonsa ba zai ci gaba da cewa ba a warkewa ba. A ganina, jimlar da ta fi kowace muhimmanci a MCRS ita ce wadda ke cewa babu abin da zan iya yi musu. Mafi yawan abin da ake kira ƙyama a wurin ɗalibi daga rashin sanin abin yi yake tasowa. Wanda aka koya wa yadda zai yi tambaya ba tare da kunyatarwa ba, ya san cewa magungunan methadone da buprenorphine, waɗanda ake jinyar masu dogaro da ƙwayoyi irin su kodin da su, suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2005, ya kuma san inda zai tura majinyaci, ba zai ji nauyin ganinsa kamar wanda hannunsa ke wofi ba.

Daga Kalifoniya zuwa Kano

Masu suka suna da hujjar da ya kamata a saurara. Ma'aunin SAAS yana da jimlar da ke tambayar ko ya kamata a halatta wiwi a doka. Ɗalibi Musulmi ko Kirista a arewacin Najeriya zai ce bai yarda ba, saboda imaninsa, kuma wannan amsa ba ta nuna cewa zai wulaƙanta majinyaci. Idan aka karanta makinsa da idon wanda ya rubuta takardar a Amurka, za a yi masa rashin adalci. Hukuncin da addini ya yanke wa aiki daban ne, haƙƙin mara lafiya a kan likitansa kuma daban. A Sahihul Bukhari ma an ruwaito labarin mutumin da aka sha kawowa saboda shan giya, wani ya tsine masa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana tsinuwar, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Ma'aunin da ya kasa rarrabe tsakanin ƙin aikin da ƙyamar mutumin bai dace da nan ba.

Ko MCRS yana da jimlar da ke tambaya a kan inshorar lafiya, alhali mafi yawan majinyata a Najeriya daga aljihunsu suke biya. Saboda haka ba a ɗauko ma'auni a raba shi haka kawai, ko da ɗaliban suna jin Turanci. Sai an zauna da wasu daga cikinsu an ji yadda suka fahimci kowace jimla, a gyara abin da bai dace ba, a sake gwada ingancinsa daga farko. Ya kamata kuma a rubuta sunan abin mayen a fili, domin kallon da ake yi wa matar aure mai shan maganin tari ba ɗaya ba ne da wanda ake yi wa saurayi mai shaƙar sholisho ko mai yi wa kansa allura.

Abin da ya shafi talaka

Binciken 2018 ya nuna cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda shaye-shayensu ya fi haɗari sun so samun jinya amma ba su samu ba, kuma tsadar magani da tsoron tsangwama suna cikin dalilan. Iyalin da suka ji an yi musu kallon banza a asibiti ba sa komawa, sukan nemi wata hanya, kuma an ga inda wasu hanyoyin ke kaiwa lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Mata sun fi shiga tsaka mai wuya, domin ɗaya cikin huɗu na masu shan a Najeriya mace ce, amma kunyar da ke kanta ta ninka ta namiji.

Abin ba ya tsayawa a kan masu shaye-shaye. Mai ciwon sikila da ciwo ya turnuƙe shi, ya zo yana faɗin sunan allurar da ta saba yi masa aiki, yana iya fuskantar zargin cewa maye yake nema, a bar shi yana murƙususu. Gaskiya ne wasu daga cikinsu sun kamu da dogaro da allurar pentazocine, kuma likita yana da dalilin yin taka-tsantsan, amma likitan da aka horar da shi a kan larurar zai iya bambance mai ciwo da mai dogaro, ya kuma kula da wanda ya haɗa duka biyun. Wanda tsoro da zargi kawai ya gada daga manyansa zai hana duka.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare majinyata daga wariya, amma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar 'yan ɗaruruwa ne kawai, asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Kaduna da Kware da Maiduguri kuma ba za su ɗauki kowa ba. Likitan da aka tura babban asibitin ƙaramar hukuma shi ne mafi yawan mutane za su fara gani. Makarantar da ke son sanin irin likitan da take yayewa za ta auna ɗalibanta lokacin da suka shigo, da kafin su fara shiga asibiti, da bayan zangon koyon cututtukan ƙwaƙwalwa, da kuma shekarar aikin gwaji bayan kammalawa, ba tare da rubuta suna ba, a hannun wanda ba shi ke ba su maki ba. Ta haɗa da tambayar majinyatan da iyalansu yadda aka karɓe su. Idan makin ya faɗi a wata shekara, a duba ɗakunan da ɗaliban suka zaga a wannan shekarar da malaman da suka bi, domin can ne aka koya musu abin da takardar ta nuna.